Awon Sharar Kasuwa da ta Masana'anta da Hanyoyin Rage wa Juji Kaya

Sharar da ke fita daga kasuwanni da masana'antu ta sha bamban da ta gidaje. Ta gida a gauraye take, kuma kaɗan-kaɗan take fitowa. Ta masana'anta kuwa galibi iri guda ce, mai yawa, daga wuri ɗaya, don haka ta fi sauƙin warewa da aunawa. Abin da masana muhalli ke nufi da karkatar da shara shi ne a tare ta kafin ta isa juji ko wuta, a mayar da ita wani abin amfani, ko dai a yadda take, ko bayan an sarrafa ta, ko kuma a matsayin taki da abincin dabbobi.

A Nijeriya hukuma ta fara ɗaukar sharar masana'antu da muhimmanci ne bayan abin da ya faru a garin Koko a shekarar 1988, lokacin da aka jibge shara mai guba da aka kwaso daga Italiya. A shekarar ce aka kafa hukumar FEPA, daga baya kuma aka kafa NESREA a 2007. To amma a ƙasar Hausa aikin ya girmi dokar.

Abin da yake da suna yana da kasuwa

Idan aka dubi yankin Ruwan Godiya da ke Ƙaramar Hukumar Faskari, da maƙwabtansa na Ƙanƙara da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, za a ga yawancin sana'o'in wurin a kan amfanin gona suke: masara, dawa, shinkafa da auduga. Kusan duk abin da ya rage bayan an sarrafa su yana da nasa suna. Akwai dusa, da buntu, da ƙaiƙayi, da totuwa, da harawa, da angurya. Malamin Hausa ya kamata ya lura da wannan, domin Bahaushe ba ya ɓata bakinsa wajen raɗa wa abin banza suna. Dusa ta mai kiwo ce, totuwa ta mai girki ce, angurya kuwa ita ce babban misali. Idan aka gurje auduga, zaren da ake samu bai cika wuce kashi 40 cikin 100 na nauyinta ba, fiye da rabi angurya ce. Injinan gurzar auduga na Funtuwa da a ce zubar da ita suke yi, da garin ya daɗe da binnewa. Maimakon haka ana tatsar mai daga cikinta, tunkuzar kuma ta zama abincin shanu, a ajiye wani kaso don iri.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan da suka zo daga baya, wato leda da robobi da kwalaye masu rufin roba. Duk sunansu ɗaya a bakin jama'a: shara.

Yadda ake awon

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ana auna nauyin abin da aka karkatar, a raba shi da nauyin dukkan sharar da wurin ya fitar, sannan a ninka da 100. A ƙaddara akwai mai injin casar shinkafa, irin wanda ke ware buntu da dusa, ya fitar da shara kilo 1,000 a wata guda. Daga ciki ya sayar da dusa kilo 300, masu kiwon kaji suka kwashi buntu kilo 450 don shimfiɗa, ya cinna wa kilo 200 wuta a bayan injin, sauran kilo 50 na yagaggun buhuna da leda suka bi kwata. Abin da aka karkatar kilo 750 ne, wato kashi 75 cikin 100. Da za a tambayi mai injin, cewa zai yi shi ba ya zubar da komai, domin a ganinsa abin da wuta ta cinye ya tafi. A wajen awo kuwa ƙonawa a fili asara ce, daidai take da kaiwa juji, ga kuma hayaƙin da maƙwabta ke shaƙa.

Abin lura na farko shi ne nauyi ake aunawa, ba cika ba. Bahaushe ya saba da tiya da buhu da mangala, waɗanda duk awon cika ne, amma kura cike da leda da kura cike da kashin shanu ba su haɗa hanya ba a kan sikeli. Inda babu babban ma'auni, sai a auna kura biyar ko shida na kowane irin kaya, a fitar da matsakaicin nauyinsu, daga nan a riƙa ƙidaya kurar da ta fita. Haka kuma awon mako ɗaya ba ya wadatarwa. Buntun da ruwan damina ya jiƙa ya fi na rani nauyi nesa ba kusa ba, kuma aikin injin a lokacin kaka ba ɗaya yake da na bazara ba.

Wannan adadi yana iya yaudarar mutum. Ɗan tiredan da ya daina ba da leda ga kowane ɗan ƙaramin ciniki ya rage shara tun daga tushe, amma kasonsa na iya tsayawa yadda yake. Shi ya sa ake rubuta jimillar nauyin sharar kusa da kason. Sannan ba duk abin da ya bar harabar masana'anta ne ya sami mafita ta gari ba. Ragowar fatun da aka jeme da sinadarin kuromiyam a majemun Sharaɗa da Challawa a Kano bai dace a zuba shi a lambu da sunan taki ba. A Jihar Zamfara ma, ƙurar duwatsun zinare mai ɗauke da dalma, wadda aka riƙa niƙawa a cikin gidaje, ta yi sanadin mutuwar yara kusan 400 a shekarar 2010. Wajibi ne mai awo ya bi kaya ya ga inda suka sauka.

Inganta aikin

Babban abin da ke ɗaga kason shi ne rarraba shara a wurin da ta faɗi. A kasuwar dabbobi irin ta Sheme, kashin shanu taki ne mai daraja wanda manoma ke nema ido rufe, amma da zarar ya cakuɗe da ledar ruwa sai darajarsa ta faɗi. Ledar tana hana ruwa ratsa ƙasa, dabbar da ta haɗiye ta kuma sai ta yi ta ramewa. Mahauta sun sha ciro dunƙulenta daga tumbi. Ware wuri guda na taki, wani na roba da ƙarfe, a ƙarƙashin kulawar sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa, ya fi motar kwasar shara tasiri, kuma bai kai ta tsada ba.

'Yan gwangwan da 'yan jari-bola su ne suka riga kowa riƙe sikeli, domin da kilo suke sayen ƙarfe da sanholo da roba. Duk ƙaramar hukumar da ke son sanin abin da ake karkatarwa a yankinta, a wurinsu za ta fara tambaya. Matsalarsu ita ce leda da gorunan roba ba su da nauyi, mota na cika kafin a tara abin da zai biya kuɗin kai su Kano. Sai an matse su an ɗaure, ko an niƙa robar, kafin cinikin ya fitar da riba, kuma wannan yana bukatar 'yan kasuwa da yawa su tara nasu wuri ɗaya.