Adon bango: mazubi ya yi rabin aiki, saura na hannu

Duk wanda ya shiga falon wani ma'aikaci a Tawa, ko ɗakin amarya a Kalfu, da wuya ya rasa allon ado rataye ga bango, mai aya ko fure ko hoton masallaci. Da yawa daga cikinsu na rezin ne, wani ƙaro na masana'anta da ake haɗa ruwansa iri biyu a zuba cikin mazubi, ya daskare.

A da, adon bango aikin magini ne, yana zana shi tun laka tana ɗanya. Jaharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage: Falke Barmu ya soma ginin masallacin Yama a 1962, ginin da ya samu kyautar Aga Khan a 1986. To amma ma'aikacin da ke zaman haya, bana Tawa baɗi Abalak, ina shi ina zana bango? Abin da zai sa cikin akwati yake so.

Mazubi ɗaya yana fitar da alluna ɗari, duk kamarsu ɗaya. Abin da ke raba kuɗinsu shi ne gyara da fenti, kuma nan ne ɗan kasuwa ke cin riba ko ya tafka hasara.

Allon yakan fito da maiƙon da aka shafa wa mazubi don kada ya manne. Ido ba ya ganinsa, amma fenti ba ya kama shi. Don haka sai an wanke da omo da ruwa mai ɗumi, an goge lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, an bar shi ya bushe a inuwa, domin ranar bazara tana iya lanƙwasa mai kaurin kaɗan. Sannan a kankare bakinsa, a cike ramukan kumfa da mastik, a goge da samfefa mai laushi. A jiƙa ta da ruwa tukuna: garin rezin yana cutar da huhu, kuma yaran shago ne ke shaƙarsa, ba maigida ba.

Bayan haka ne ake shimfiɗa fentin ƙasa, fari ko ruwan toka. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, kuma su ne kayansu ke ɓarewa kafin damina ta biyu. Launi kuwa a tsinke ake sa shi, shafi biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri yana cike zanen, wasulla su ɓace. Gwani yakan kwarara launi mai duhu cikin kwarin zane, ya share saman, daga baya ya ɗauki buroshi kusan busasshe ya shafi tudun da ruwan zinariya. A nan ne rubutu ke tasowa.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a rufe allo da kwali har man sheƙin ƙarshe ya kama.

Mai sari kuwa, kafin ya biya, ya juya allon baya ya karce gefe da farce. In fenti ya tashi kamar ɓawon albasa, ba a wanke shi ba, kuma duk kwalin haka yake.