Ciwon Kaye a Hannun Maƙwabci: Yadda Magoya Bayan Duke da Karolina Ke Haɗiye Baƙin Ciki

A jihar Karolina ta Arewa da ke ƙasar Amurka akwai wasu jami'o'i biyu waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilomita 13 ba, kusan kamar daga Maraɗi zuwa Tsibiri. Ɗaya ita ce Jami'ar Duke a garin Durham, ɗayar kuwa Jami'ar Karolina ta Arewa a garin Chapel Hill. Tun shekarar 1920 ƙungiyoyinsu na ƙwallon kwando ke karawa da juna, kuma ana lissafa adawarsu cikin mafi zafi a duk wasannin ƙasar. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin abin da ya faru tsakaninsu a 2022, domin a cikinsa akwai abin da duk mai goyon bayan wata ƙungiya ya sani: kaye daga baƙo yana da sauƙi, amma kaye daga wanda za ka haɗu da shi gobe da safe a bakin hanya, wannan shi ne ciwo.

Asalin adawar

Duke jami'a ce mai zaman kanta, ta samo sunanta a 1924 daga iyalin Duke, attajiran da suka yi arziki da sana'ar taba sigari. Kuɗin karatunta na da tsada, kuma da yawa daga ɗalibanta daga wasu jihohi suke zuwa. Ita kuwa Karolina ta gwamnatin jiha ce, an kafa ta tun 1789, kuma akasarin ɗalibanta ƴan ƙasa ne. Saboda haka ƴan Karolina kan yi wa ƴan Duke kallon baƙi ƴaƴan masu kuɗi, su kuma ƴan Duke su mayar musu da cewa hassada ce kawai. Hatta launin rigarsu abin gardama ne, domin dukkansu shuɗi suke sawa, sai dai na Duke mai duhu ne kamar rinin baba, na Karolina kuwa mai haske kamar sararin sama.

A fagen wasa ma kusan kai ɗaya suke. Karolina ta ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i sau 6, a 1957, 1982, 1993, 2005, 2009 da 2017. A wasan ƙarshe na 1982 ne wani matashi mai suna Michael Jordan ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara. Duke kuma ta ɗauka sau 5, a 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015, dukkansu ƙarƙashin mai horarwa guda. A rubuce sunansa Mike Krzyzewski, ana furta shi Shashefski, amma saboda wahalar sunan kowa Koci K yake ce masa. Ya riƙe Duke shekara 42, daga 1980 zuwa 2022.

Zauren wasan Duke ɗan ƙarami ne, mutum 9,314 kawai yake ɗauka. Don haka tun 1986 ɗalibai suka ɗauki al'adar kafa tantuna a bakin zauren, suna kwana a ciki makonni cikin sanyin Janairu da Fabrairu, domin su sami wurin tsayawa ranar da Karolina za ta zo. Akwai masu tsaron layi da kan busa jiniya da tsakar dare su kira suna, tantin da aka tarar mutanensa ba su cika ba yana iya rasa matsayinsa. Mai karatu zai iya auna yadda wanda ya sha wannan wahala zai ji idan aka doke ƙungiyarsa a gaban idonsa.

Bugu biyu cikin wata guda

Koci K ya sanar tun da wuri cewa kakar wasa ta 2021 zuwa 2022 ita ce ta ƙarshe gare shi. Ran 5 ga Maris 2022 aka shirya masa bikin bankwana a gida, kuma abokiyar karawar ita ce Karolina. Tsofaffin ƴan wasansa kusan 100 suka halarta. An ruwaito cewa tikiti ɗaya a hannun ƴan kayi-nayi ya haura dalar Amurka 5,000, wanda a canjin lokacin ya tasam ma sefa miliyan 3. Sai ga Karolina, wadda sabon kocinta Hubert Davis ke shekararsa ta farko, ta ɓata bikin da ci 94 da 81. Dattijon ya karɓi abin magana kafin a fara jawabai, ya ba jama'a haƙuri, ya ce wasan da suka yi a ranar ba abin yarda ba ne, amma kakar ba ta ƙare ba tukuna.

Abin da yake nufi shi ne gasar ƙasa da ake yi kowane watan Maris, wadda Amurkawa ke kira Haukar Maris. A waccan shekara ƙungiyoyi 68 suka shiga, kuma tsarinta sili-ɗaya-ƙwale ne, wanda ya faɗi sau ɗaya ya koma gida. Ke nan ƙungiyoyi 67 da magoya bayansu dole su rufe shekara da kaye. Duk da tsawon tarihinsu, Duke da Karolina ba su taɓa haɗuwa a wannan gasa ba sai ran 2 ga Afrilu 2022, a wasan kusa da na ƙarshe a birnin New Orleans, gaban ƴan kallo sama da 70,000. A agogonmu an fara wasan wajen ƙarfe biyu na dare, aka tashi daf da sahur, domin ya faɗo a farkon azumin shekarar.

Saura daƙiƙa 47 a tashi, Karolina na gaba da maki ɗaya tak, aka yi wa dogon ɗan wasan Duke, Mark Williams, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ƙeta. Aka ba shi jifa biyu babu mai tare shi, duka biyun suka ƙi shiga. Karolina ta ɗauko ƙwallo, Caleb Love ya tsaya daga nesa ya jefa mai maki 3 ta saman hannun shi wannan Williams ɗin, ta faɗa kwando. Aka tashi 81 da 77. Haka aikin Koci K ya ƙare, da nasara 1,202 a tarihinsa na horarwa, amma wasansa na ƙarshe a gida da na ƙarshe baki ɗaya duk maƙwabci ne ya cinye.

Yadda aka kwana a garuruwan biyu

A Chapel Hill dubun dubatar mutane suka cika titin Franklin, suka hura wuta suna tsallake ta, kamar yadda suka saba duk ranar babbar nasara. A Durham kuwa, inda al'adar ɗalibai ita ce ƙona bencunan katako idan sun doke Karolina, bencunan sun kwana lafiya. Abin da ya fi ci wa ƴan Duke rai shi ne wannan bashi ne da ba ya biyuwa. Ko da sun doke Karolina sau goma a jere, Koci K ba zai dawo ya rama ba.

To, yaya suka yi da wannan ɗaci? Hanya ta farko ita ce komawa ga littafin lissafi, kamar ɗan kasuwar da ya faɗi a kaya ɗaya ya buɗe kundi ya duba ribar shekaru. Suka riƙa tuna wa kowa cewa a duk karawar da Koci K ya yi da Karolina ya ci 50, an ci shi 48, ga kofuna biyar a ajiye. Hanya ta biyu ita ce neman wanda za a ɗora wa laifi, ko alƙalan wasa, ko yaron da ya zubar da jifa biyu. Wannan ita ce mafi muni, kuma ba ta daɗe ba, domin bayan wata biyu da ƴan kwanaki ƙungiyar ƙwararru ta Charlotte Hornets ta ɗauki Williams. Abin dariyar shi ne mai ƙungiyar a lokacin Michael Jordan ne, babban gwarzon Karolina.

Hanya ta uku kuwa ita ce zuba ido a ga faɗuwar maƙwabci, kuma ba su jira da yawa ba. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana. Bayan kwana biyu, ran 4 ga Afrilu, Karolina ta shiga wasan ƙarshe da Jami'ar Kansas. An tafi hutun rabin lokaci Karolina na da 40, Kansas 25, magoya baya har sun fara shirin titin Franklin. Da aka dawo sai labari ya sha bamban, Kansas ta ɗauki kofi da ci 72 da 69. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta farfaɗo daga rata mai yawa haka a wasan ƙarshe ba, domin akwai lokacin da aka ba ta tazarar maki 16. Gwarzon gasar shi ne Ochai Agbaji na Kansas, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

Nan sai ƴan Karolina suka ɗauko nasu maganin. Da yawansu suka ce ai kofi ana samun wani, amma korar Koci K sau ɗaya ake yi a duniya, kuma su suka yi. Wato kowane ɓangare da ciwon ɗan'uwansa ya yi jinyar nasa.

Na gaba ya koma baya

A kakar da ta biyo baya masana suka sa Karolina a matsayi na ɗaya tun kafin a fara wasa, amma a Maris 2023 ko gurbin shiga gasar ƙasa ba ta samu ba, kuma Duke ƙarƙashin sabon koci Jon Scheyer ta doke ta gida da waje. Dariya ta koma Durham.

A 2025 kuma ta sake juyawa. Duke ta doke Karolina har sau uku a kakar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe da zaratan matasa irin su Cooper Flagg da Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu. Ran 5 ga Afrilu a San Antonio tana gaban Jami'ar Houston da maki 14 saura kusan minti takwas, kuma saura rabin minti da ƴan daƙiƙoƙi tana nan gaba da maki 6. Houston ta zuba maki 9 a jere ta cinye 70 da 67. Ƴan Karolina, waɗanda aka daɗe da fitar da tasu ƙungiyar, suka yi murna kamar su suka ci. Ita ma Houston bayan kwana biyu Florida ta kayar da ita 65 da 63. Wannan ne karo na uku da ta je wasan ƙarshe ta dawo hannu rabbana, bayan na 1983 da 1984, zamanin da Hakeem Olajuwon ɗan Legas ke yi mata wasa.

"Mun ci", amma "sun faɗi"

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Cialdini, ya wallafa bincike a 1976 wanda shi da abokan aikinsa suka yi a jami'o'i bakwai na Amurka kan magoya bayan ƙwallon ƙasarsu mai kama da zari-ruga. Sun lura cewa ran Litinin bayan nasara ɗalibai sun fi sa riguna masu tambarin makaranta, kuma idan aka tambaye su sakamako sukan ce "mun ci". Idan kuwa kaye ne, sai ka ji "sun faɗi". Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu. Muna jin sa a rumfunan kasuwa washegarin wasan tamaula, da kuma lokacin kokowar takobi idan ɗan jiharmu ya sha ƙasa.

A ganinmu, abin da ya sa adawar Duke da Karolina ta haura shekara 100 ba ta mutu ba shi ne akwai masu cewa "mun faɗi", sa'annan su sake kafa tanti a Janairu mai zuwa. Ba wai ba a taɓa wuce gona da iri ba. A 1961 an ba hammata iska a cikin fili tsakanin Art Heyman na Duke da Larry Brown na Karolina, har ƴan kallo suka shiga. A 2007 gwiwar hannun Gerald Henderson ta karya hancin Tyler Hansbrough, jini ya wanke masa fuska. Amma da Dean Smith, kocin da ya riƙe Karolina daga 1961 zuwa 1997, ya mutu a Fabrairun 2015, Koci K ya je jana'izarsa sanye da laƙataye mai launin Karolina. A wasan da ya biyo baya a zauren Duke, ƴan wasa da masu horarwa na ɓangarorin biyu suka durƙusa a tsakiyar fili rungume da juna suka yi shiru don girmama shi, sa'annan suka tashi suka gwabza har sai da aka ƙara lokaci, Duke ta ci 92 da 90.

Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan. Mai rumfar da ke kusa da taka shi ne ke ƙwace maka mai saye, amma layin da rumfa ɗaya ce kawai a cikinsa ba ya tara jama'a. Da babu Karolina, da tikitin Duke bai kai miliyoyi ba, da babu Duke, da titin Franklin bai cika ba. Shi ya sa muke kira ga matasanmu masu cika gidajen kallo, musamman masu zuba jarinsu a cacar wasanni, su lura cewa masu abin ma da zolaya da haƙuri suke wanke nasu baƙin cikin. Wanda ya ci yau ya yi tsiyarsa daidai wa daida, domin ƴan Karolina kwana biyu kacal suka yi suna dariya a 2022. Wanda aka ci kuma ya sa rigarsa ya fito kasuwa ya karɓi ba'a, kakar baɗi na nan tafe.

Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.