Daga dandamali zuwa majigi: Wasannin waƙa da suka cancanci zama fim, da waɗanda ya dace su ba da umarni

A Yola da Jimeta, kamar sauran biranen Arewa, wasan kwaikwayo mai haɗe da kiɗa da waƙa yakan rayu ne dare ɗaya. Ɗalibai ko ƙungiyar al'adu su shafe makonni suna gwaji, jama'a su kalla su yi tafi, washegari kuma babu abin da ya rage sai labari. Wannan ne ya sa tambayar ke da nauyi: waɗanne wasanni ne ya kamata a mayar fim, kuma wa za a damƙa wa aikin?

Jihar Adamawa tana da hurumin shiga wannan muhawara, domin ɗanta ne ya buɗe hanyar. An haifi marigayi Adamu Halilu a Garkida a shekarar 1936, ya kuma rasu a 2001. Shi ne ya ba da umarnin fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda asalinsa littafin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Kafin labarin ya kai ga majigi, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali.

Shi kansa fim ɗin ya kusa salwanta. An daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-Finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan har fim zai iya shiga irin wannan hali, ina ga wasan da ba a taɓa ɗauka ba?

Ma'aunin zaɓe

Ba kowane wasa mai waƙa ne ya dace da fim ba. Ma'auni na farko shi ne waƙar ta kasance ita ke ɗauke da labarin, ta yadda in an cire ta labarin zai gurgunce. A yawancin fina-finan Kannywood, labari yakan tsaya cik, jarumi da jaruma su yi rawa irin ta fina-finan Indiya, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sarafina, wasan Mbongeni Ngema na Afirka ta Kudu, misali ne na akasin haka. An fara nuna shi a Johannesburg a 1987, ya isa Broadway a Amurka a 1988, sannan Darrell Roodt ya mayar da shi fim a 1992. Waƙoƙin ɗaliban Soweto a cikinsa su ne boren kansa, shi ya sa suka ƙara ƙarfi da aka fito da su kan titi.

Ma'auni na biyu kuwa shi ne labarin ya buƙaci abin da dandamali ba zai iya bayarwa ba, kamar kogi, dawaki, kasuwa da taron jama'a.

Attahiru

Wasan da ya fi cika waɗannan sharuɗɗa shi ne Attahiru na Farfesa Ahmed Yerima. Ya ƙunshi faɗuwar Sakkwato a hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, har zuwa rasuwarsa a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. An rubuta shi da Ingilishi, amma duniyarsa ta tambari ce da kakaki da algaita da kirari, waɗanda a fada ba ado ba ne, saƙo ne.

Mutanen Yola ba baƙi ba ne ga irin wannan tarihi. A watan Satumba na 1901 Turawa suka far wa birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita. Fim ɗin Attahiru da aka yi da Hausa da Fulatanci zai samu masu kallo a nan tun ranar farko.

Wanda ya dace da shi shi ne Izu Ojukwu, wanda ya tashi a Jos, ya kuma nuna a fim ɗin Amina na 2021 cewa ya iya sarrafa dawaki da dakaru. Sai dai an yi Amina da Ingilishi ne, don haka wajibi ne a haɗa shi da marubuci masanin harsunan biyu da makaɗan fada na ainihi.

Wasannin tashe

Tashe, wanda yara da matasa ke farawa daga goma ga watan Ramadan, shi ne wasan waƙa na Bahaushe tun asali. A wasanni irin su Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu, waƙa ce magana, amshi ne martani, ana kuma cusa gargaɗi cikin raha.

Kowane wasan tashe gajere ne, saboda haka ba zai zama fim shi kaɗai ba. Abin da zai yiwu shi ne a ɗinke su cikin labarin dare ɗaya na ayarin yara da ke zaga unguwa. Falalu Ɗorayi, wanda ya ba da umarnin Juyin Sarauta na Balaraba Ramat Yakubu, ya san barkwanci kuma ya san al'ada. Jimeta, inda Hausa ta haɗa Fulani da Bwatiye da sauran ƙabilu a kasuwa da unguwa, fage ne da ya dace da irin wannan labari.

Fela and the Kalakuta Queens

Daga Legas, wasan Bolanle Austen-Peters na 2017 ya ba da labarin matan da suka yi rawa da amshi tare da Fela Anikulapo-Kuti. A nan ba sai an nemi mai ba da umarni daga waje ba, domin ita ce ta yi fina-finan Funmilayo Ransome-Kuti da House of Ga'a. Ƙalubalenta shi ne ta bar tsarin dandamali, ta sake gina Legas ta shekarun 1970.

Abin da ya rage

Akwai masu ganin cewa majigi na kashe armashin wasa, domin amshin 'yan kallo da zufar makaɗi ba sa shiga kyamara. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa zaɓen mai ba da umarni ya fi zaɓen jarumi muhimmanci. Wanda bai fahimci abin da kalangu ke faɗa ba zai mayar da shi kiɗan rakiya kawai.

Hukumar Fina-Finai ta Najeriya ta taɓa yin irin wannan aiki a farkon shekarun 1990, lokacin da Brendan Shehu ya mayar da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina fim. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugabanta, mutumin da ya fito daga masana'antar da waƙa ta riƙe.

Matakin farko dai bai buƙatar maƙudan kuɗi. Jami'ar Modibbo Adama, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola da hukumar raya al'adu ta jihar za su iya fara ɗaukar kowane wasan da aka nuna, tare da rubuta waƙoƙinsa da sunayen makaɗansa. Daga irin wannan taska ce magajin Adamu Halilu zai zaɓi abin da zai kai majigi.