Haƙori, Beli da Maɗiga: Yadda Bahaushe Ke Karanta Jikin Jariri

Jariri a gidan Bahaushe ba ya rasa idon da ke kansa. Tun daga ranar da ungozoma ta yanke cibi har a yi arba'in, safe da yamma akwai tsohuwar da za ta miƙe ƙafafu a tsakar gida, ta kwantar da jinjiri a kan ƙaurinta, ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta gasa masa cibi da tsumma, ta mimmiƙe masa gaɓoɓi, ta shafe shi da man kaɗanya, ta zizara masa kwalli, sannan ta miƙa wa maijego. Hannun da ke yin wannan aiki kullum ya san nauyin yaron fiye da sikelin awo. Ya san ranar da jiki ya yi ɗumi, ya san ranar da fata ta saki, ya san kukan yunwa daban da kukan ciwon ciki. Saboda haka duk wanda ya ce Bahaushiya ba ta lura da ɗanta bai zauna a tsakar gida ba. Abin da nake son nunawa shi ne, a wajen lura al'adarmu gwana ce, inda take tuntuɓe shi ne wajen raɗa wa abin da ta gani suna. Sunan kuwa shi ke yanke hukuncin inda za a kai yaro, ko gindin zabirar wanzami, ko kemis, ko asibiti, ko kuma a ce a bar shi zai wuce.

Babu sunan da ya kai "haƙori" ɗaukar kaya. Yaro ya kai wata shida ko bakwai, ya kama gudawa, jikinsa ya yi zafi, yana amai, ya ƙi nono, sai kaka ta sa yatsa ta taɓa dasashi ta ce, "Haƙori ne, kada ki tayar da hankalinki." Kuma ba ƙarya ta yi ba, domin da gaske haƙorin na nan tafe. Haƙoran farko kan fara ɓullowa ne wajen wata shida, a ci gaba har yaro ya haura shekara biyu kafin ashirin ɗin su cika. To amma a daidai wannan lokaci ne abubuwa uku ke haɗuwa. Garkuwar jikin da yaro ya gado daga uwarsa tun yana ciki ta fara ƙarewa. Ya fara zama da rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai, ko takalmi ko kashin kaza, bakinsa zai nufa. An kuma fara ba shi koko ko kamu, wanda sau da yawa da safe aka dama, ya wuni a kofi ƙudaje na bi. Gudawar daga nan take fitowa. Abin da haƙori ke jawowa da kansa bai wuce ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau da rigima da ɗan ɗumin jiki ba. Tsofaffi sun ga abu biyu suna zuwa tare shekara da shekaru, sai suka ɗaura wa ɗaya laifin ɗayan. Illar ita ce, tun da fitar haƙori na ɗaukar kusan shekara biyu, babu wata cutar da za ta kama yaro a tsakanin nan da ba za a iya jingina ta da shi ba, har da zazzaɓin cizon sauro na damina da ciwon haƙarƙari na hunturu. Kuma abin da aka ɗauka a matsayin matakin girma ba a gaggawa a kansa, jira ake yi.

Wannan imani har kasuwa gare shi. Shiga kemis ka ce a ba ka maganin haƙori, ba za a tambaye ka me ke damun yaron ba, za a miƙo maka kwalba ko ƙullin hoda. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara 84 a Najeriya, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran. Laifin na masu haɗa maganin ne, kotu ma ta tabbatar da haka daga baya. Amma abin baƙin cikin shi ne, iyayen sun kashe kuɗinsu ne don maganin abin da yawanci ba ya buƙatar magani.

Maganar maɗiga ta fi nuna kaifin idon mutanenmu. Wannan wuri mai taushi da ke bugawa a tsakar kan jariri, wanda ba ya rufewa sai yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi, uwa na duba shi kamar yadda manomi ke duba hadari. Idan ya lotsa, nan da nan gida ya ɗauka, a ce maɗiga ta faɗa, a nemo sassaƙe ko garin magani a kwaɓa a liƙa a wurin. Abin mamaki, likita ma nan yake dubawa. Faɗawar maɗiga na cikin manyan alamun cewa ruwan jikin yaro ya ƙare, tare da zurmawar ido da bushewar baki da kukan da babu hawaye. Wato kaka da likita abu guda suka gani, sai dai ita ta ɗauka ciwon a kai yake, alhali ta ƙasa ruwan ya tsiyaye. Maganinsa kuwa na nan a madafa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida a shafe na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, nono kuma kada a dakatar. Wanda ake sayarwa a ƙulle ya fi daidaito, kuma tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da cewa a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa sha huɗu. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985, ake yekuwar ruwan gishiri da sukari a rediyo. Amma uwar da aka gaya wa ciwon ɗanta na maɗiga ne ba za ta ga alaƙarsa da waccan sanarwar ba, don ita sanarwar maganar gudawa take yi.

Shi kuwa beli, ko hakin wuya, ba a ma jiran ya yi laifi. A wurare da yawa, a cikin makon farko, ko ranar suna tare da askin jariri, wanzami zai zo da zabirarsa, a riƙe masa yaron, ya danne harshe, ya kamo ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa ya datse, a nuna wa mutanen gida. Dalilin da ake bayarwa shi ne idan aka bar shi zai girma ya hana yaro haɗiya, ya sa shi amai da tari, ko ya fashe ya shaƙe shi. A nan ma akwai abin da ido ya gani, domin idan maƙogwaro ya kamu da ciwo belin kan yi ja ya kumbura. Amma kumburin alama ce, kuma kowane ɗan Adam da belinsa aka halicce shi. Miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su san wanzami ba suna tsufa da nasu lafiya lau. Abin da yankan ke jawowa kuwa sananne ne a ɗakunan yara na asibitocin Arewa da na Nijar: zubar jini ga jinjirin da duka jinin jikinsa bai cika kofi biyu ba, ƙin kama nono saboda raɗaɗi, da ciwon sarƙewar haƙora idan askar ba ta da tsabta. Ba na cikin masu zagin wanzami. Sana'a ce ta gado mai sarautarta, ga Sarkin Aska a fada, kuma ƙarnuka da dama shi ne likitan fiɗa kaɗai da talaka ya sani. Amma mutuncin sana'a ba ya mayar da lafiyayyen nama cuta.

Haka zancen yake ga nono. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, a gidaje da dama kallon ƙazanta ake yi masa, a tatse a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko dauri ko madarar dabba har "nonon kirki" ya zo. Alhali dakashin nan shi ne rigakafin farko da yaro ke samu, cike yake da garkuwar uwa, shi ya sa ake so a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, kuma kada a haɗa masa da komai har wata shida, ko da ruwa. Wannan na ruwan shi ya fi wuyar karɓuwa, kuma ban ga laifin tsohuwar da ke zaune a Sakkwato cikin watan bazara ba idan ta ce hana jinjiri ruwa mugunta ce. Sai an nuna mata cewa mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwan randa ne ke kawo gudawar da za a kira haƙori. A ɗaya ƙarshen kuma ga yaye. Shayarwa ta kusan shekara biyu, wadda addini ya ƙarfafa, na cikin mafi alherin abin da muka gada, haka ma tsangwamar da ake yi wa kwanika, wadda ta daɗe tana sa tazara tsakanin haihuwa. Amma idan ciki ya shiga, sai a ce nono ya lalace, yaro zai "sha ciki", a cire shi rana ɗaya a kai shi gidan kaka a riƙa ɗura masa koko tsura. Idan ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, a ce ai cikin da ya sha ne. Tamowa ce, kuma rashin nonon ne ya jawo ta.

Za a ce, ai mu ma haka aka raine mu, ga mu nan da ranmu. Gaskiya ne, amma masu faɗin haka su ne waɗanda suka tsira, sauran suna maƙabarta ba a jin ta bakinsu. Ba sai an ɗauko alƙaluman kowa ba, harshenmu ya ajiye nasa lissafin. Da mutuwar jarirai baƙon abu ce, da ba mu da kalmar wabi. Da ba a raɗa wa yara Ajuji da Ayashe da Abarshi ba, sunayen da ake sa wa wanda aka haifa bayan yayyensa sun yi ta mutuwa, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa za ta kau da kai. Al'ummar da ta kai ga yi wa mutuwa wayo da suna ta binne 'ya'ya da yawa. Idan kuma aka ce ajali ne, malamanmu ba su taɓa cewa yarda da ƙaddara ta hana neman magani ba, kuma mai kai yaro wurin wanzami ma maganin yake nema.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa talauci ne, kada a ɗora wa al'ada. Asibitin sha-ka-tafi na da nisa, kuɗin mashin ya fi na wanzami, ka je ka tarar babu magani, wani lokaci ma'aikaciya ta yi wa matar ƙauye tsawa a gaban mutane. Wanzami kuwa maƙwabci ne, yana karɓar hatsi, yana yin bashi. Rashin yarda ma da tushensa, domin Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma inuwar wannan na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Duk wannan na amince da shi. Sai dai bai bayyana komai da komai ba. Dakashi kyauta ne, barin beli a inda Allah ya ajiye shi kyauta ne, ruwan gishiri da sukari kusan kyauta ne. Kuma ana cire beli a gidajen masu hali a tsakiyar birni, inda asibiti ke bayan katanga.

Abin da masu wayar da kai suka daɗe suna kuskurewa shi ne wanda suke yi wa magana. A wurin awo, yarinya mai cikin fari ake zaunarwa a yi wa lacca. Amma ita ce mafi ƙarancin iko a kan jaririn. Al'ada ta tura ta goyon ciki gidan iyayenta, ta hana ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. Idan ta ce a asibiti an hana ba shi ruwa, amsar da za ta samu ita ce, "Ke wa ya raine ki?" Mai raɗa wa ciwo suna ita ce kaka ko uwar miji ko ungozoma, mai ba da izinin fita da kuɗin mota kuma maigida ne. Yaƙin shan inna bai juya ba sai da aka bi ta hannun masu faɗa a ji, Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai da limamai, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. A Sakkwato kuma, lokacin da gwamnatin jihar ta fara rarraba man chlorhexidine na shafa wa cibi a 2013, an kai shi ne har cikin gidaje ta hannun mutanen unguwa, domin a gida mafi yawan mata ke haihuwa. Ba a ce wa tsohuwa ta daina kula da cibi ba, abin da ba za ta taɓa yarda da shi ba. An sauya abin da ke kan yatsarta ne kawai, ita kuma ta ci gaba da miƙe ƙafafunta a tsakar gida safe da yamma.