Baƙin mai ya yi duhu, sai juye? Gaskiya da ƙarya kan sabis ɗin mota a Suleja

Bakanike ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa, ya ce, "Alhaji, man nan ya mutu, sai juye." Wannan awo ba shi da tushe. Cikin aikin baƙin mai akwai kwashe dattin da ƙonewar fetur ke bari, don haka mai nagari ma kan yi duhu tun da sauran ƙarfinsa. Abin dubawa shi ne nisan tafiya ko tsawon lokaci, duk wanda ya riga cika, yadda littafin motar ya tsara.

Masu cewa motar Suleja ta fi ta Turai shan wahala kuwa, gaskiya suka faɗa. Kamfanoni kan ware jadawali dabam ga motar da ke fama da ƙura da cunkoso. Wanda ke sammako zuwa aiki Abuja, ya maƙale a Madalla ko Zuba, inji na aiki mota ba ta gaba, ga ƙurar hunturu, yana cikin wannan rukuni. A motoci da yawa, jadawalin nan kilomita 5,000 ne ko wata 6. Sai dai a kula, domin a nan mutane ke ruɗewa: motar da aka shigo da ita daga Amurka da mil take ƙirge, kuma mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Matatar iska ma takan toshe da wuri lokacin hunturu.

Motar da ke ajiye ba ta buƙatar juye? Ƙarya ce. Mai na tsufa ko ba a tuƙa ba, danshi kuma na taruwa a cikinsa.

Ƙaryar da ta fi damuna ita ce ta cire tamostat, wai kayan ƙasashen sanyi ne. Aikinsa riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In an cire, injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, ciwon da ya sa shi zafi tun farko, ko lagireto ne ya toshe ko fanka ta mutu, yana nan ba a taɓa ba. Haka zancen cewa mai kauri irin 20W-50 ya dace da kowace mota saboda zafinmu. Injin da aka rubuta wa 5W-30 shi za a ba shi.

Jar wutar mai a dashbod kuma ba tunin sabis ba ce. Cewa take mai ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata. In ta kama kana tafe, ko a gindin Dutsen Zuma kake, ka gangara gefe ka kashe inji nan take.