Taurin ruwa a akwatin kifin ado: abin da ake ƙarawa, da abin da ke kashe kifin

A ɗakunan karɓar baƙi na ofisoshi da dama a Abuja, da falukan gidaje daga Maitama zuwa Gwarinpa, akwatin gilashi mai kifaye da korayen tsirrai ya zama kayan ado da ake tunƙaho da shi. Maigida ne ke saye, amma ɗawainiyarsa takan faɗa wuyan hadimi ko wani ƙaramin ma'aikaci. Bayan wata biyu ko uku sai a ga sabbin ganyaye suna fitowa a murɗe, tsofaffin suna yin rawaya, ɓawon dodon koɗi yana zaizayewa, kifaye kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da alamar wata cuta ba. Akan ɗora laifin a kan abinci ko ɗauke wuta. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ruwan ne: ya rasa ma'adanan da rayuwa ke buƙata.

Abin da masana ke kira taurin ruwa shi ne yawan kalsiyam da magnesiyam da suka narke a cikinsa. Kowa ya san shi ko bai san sunansa ba. Shi ne ke hana sabulu kumfa, shi ne ke barin farin daskararren abu a gindin butar shayi. Ruwa yana kwaso waɗannan ma'adanai ne daga duwatsun da ya ratsa. A yankunan da ke da dutsen da ake yin siminti da shi, irin su Kalambaina a Sakkwato ko Gboko a Binuwai, ana sa ran ruwan rijiya ya yi tauri. Abuja kuwa tana zaune ne a kan dutse irin na Zuma da Aso, wanda da ƙyar ruwa ke narkar da komai daga jikinsa. Saboda haka ruwan da ya taru a madatsa irin ta Usuma, wadda ke shayar da birnin, yakan kasance mai laushi. Ruwan sama ya fi shi laushi. Haka ma ruwan leda da na gora da aka tace da injin da ke tsame ma'adanai, wanda wasu ke zubawa a akwatin da zaton sun yi wa kifi gata.

Kafin a ƙara komai sai an auna, kuma a nan ne ake yawan rikicewa, domin ma'auni biyu ne masu kama da juna. GH shi ne kalsiyam da magnesiyam. KH kuwa yawan kabonet ne, wato abin da ke riƙe ruwa kada tsaminsa ya riƙa hawa da sauka. Duka biyun ana lissafa su da digirin Jamusawa, kuma digiri ɗaya na GH ya yi daidai da kusan miligiram 7 na kalsiyam a kowace lita. Kayan gwajin kamfanin API, alal misali, ana ɗiga su ne a cikin mililita 5 na ruwa ana ƙirgawa, kowane ɗigo digiri ɗaya, har sai launin ya sauya. Ƙaramar na'urar nan mai kama da alƙalami da ke auna TDS ba za ta maye gurbin wannan ba, domin jimillar duk abin da ya narke take nunawa, ba ta bambance kalsiyam da gishirin miya.

Yawancin tsirran ruwa suna jin daɗi tsakanin digiri 4 zuwa 8 na GH. Dalilin a bayyane yake. Magnesiyam ne ke tsakiyar sinadarin da ke sa ganye kore, kuma idan ya yi ƙaranci shuka takan janye shi daga tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi, shi ya sa tsofaffin ke fara yin rawaya tsakanin jijiyoyinsu. Kalsiyam ba ya motsawa haka. Inda ya zauna nan ya zauna, don haka sabon toho ne ke fitowa a naƙashe. Mai lura zai iya karanta matsalar daga wane ganye ya fara lalacewa.

Kifin ma ba buƙatarsu ɗaya ba. Guppy da molly da platy, waɗanda su aka fi sayarwa saboda arha da yawan haihuwa, suna son ruwa mai tauri, digiri 10 ko fiye. Kifayen tafkin Malawi da na Tanganyika ma haka. Neon tetra da discus kuwa 'yan ruwa mai laushi ne na yankin Amazon, kuma wanda ke da su kaɗai wataƙila ba shi da abin gyarawa. Shukar Anubias barteri, wadda asalinta daga nan Afirka ta Yamma take, sunanta ma daga Charles Barter aka samo shi, masanin tsirran da ya yi aiki a gaɓar Neja, ba ta cika damuwa da ko wanne ba.

Hanyar da ta fi aminci a akwati mai tsirrai ita ce a ɗaga GH shi kaɗai, a ƙyale tsamin ruwan yadda yake. Abubuwa biyu ke yin wannan: jifsam mai tsabta, wanda ke ba da kalsiyam, da gishirin Epsom da ake samu a shagon magani, wanda ke ba da magnesiyam. A lita 100 na ruwa, kimanin giram 3 na jifsam yana ƙara digiri ɗaya, gishirin Epsom kuma giram 4.4. Wanda ke son ƙarin digiri uku sai ya haɗa giram 6 na jifsam da giram 4.4 na Epsom, abin da zai ba shi kusan kashi uku na kalsiyam ga kashi ɗaya na magnesiyam, gwargwadon yadda masu wannan harka suka fi so. Ana buƙatar ƙaramin sikeli, domin cokali maƙaryaci ne. Kada a ɗebo garin POP na masu silin da sunan ai shi ma jifsam ne, tunda ba a san abin da aka gauraya masa ba. Ga mai hali akwai haɗaɗɗen gari irin Seachem Equilibrium, wanda giram 16 nasa ke ɗaga lita 80 da kusan digiri uku, kuma yana ɗauke da fotasiyam da tsirrai ke so.

Akwai kuma hanyar dakakken murjani ko ɓawon ƙwai da aka wanke aka dafa, a ƙulle a tsumma a sa cikin matata. Tana aiki, sai dai tana ɗaga GH da KH a tare, kuma ba mai iya tsayar da ita a inda yake so, musamman a akwatin da ake hura wa iskar kabon, domin ruwa mai tsami ya fi saurin cin ta. Ga guppy da kifin Malawi ba laifi. Ga tsirrai masu tsada, a ganina ba ta dace ba. Duwatsun ado ma kan yi wannan aikin a ɓoye: a ɗiga wa dutse ruwan khal, in ya yi kumfa to zai taurara ruwan.

Abin da ya fi haɗari shi ne shawarar da ake bayarwa da baki. Gishirin miya ba ya ƙara taurin ruwa ko kaɗan, kuma tsirrai da yawa ba sa jure shi. Bekin soda yana ɗaga KH ne kawai, giram 3 a lita 100 digiri ɗaya, yana da amfani idan KH ya faɗi ƙasa ƙwarai, amma ba ya ba da kalsiyam. Kanwa kuwa a nisanta ta da akwatin gaba ɗaya. Tana kashe tsamin ruwa farat ɗaya, kuma a irin wannan ruwan amoniyar da ke fita daga kashin kifi tana rikiɗewa zuwa nau'inta mai guba. Kifin da ya kwana lafiya zai iya wayar gari a kife.

Ko maganin da ya dace ma, gaggawa na mai da shi dafi, domin jikin kifi yana daidaita gishirinsa ne da na ruwan da yake ciki, kuma yana buƙatar lokaci. Kada ƙarin ya wuce digiri ɗaya ko biyu a yini. A narkar da garin a bokiti, cikin sabon ruwan da aka riga aka cire wa kulorin, a juya sosai tunda jifsam ba ya saurin narkewa, sannan a zuba sannu a hankali lokacin canjin ruwa na mako. Bayan an kai matakin da ake so, lissafin na sabon ruwan ne kawai: wanda ya kwashe lita 30 daga akwati mai lita 100, awon lita 30 zai yi.

Lokacin hunturu, da kuma a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ruwan akwatin yana raguwa da sauri. Ruwa ne kaɗai ke tashi, ma'adanan suna nan a ciki. Idan aka cike gurbin da ruwan da aka sa wa gari, taurin zai riƙa hawa mako bayan mako ba a ankara ba. Ciko da ruwa zalla ake yinsa, sannan a sake awo duk bayan mako biyu, a rubuta sakamakon a takarda a manna a gefen akwatin saboda wanda zai karɓi aikin ranar da mai kula ya tafi hutu.