Wankin Mota a Gida: Wane Sabulu, Wane Ruwa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda cikin 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatake. Da zamani ya juya, sai kaya suka koma bisa titi, kan babbar hanyar nan da ta taso daga Funtuwa, ta bi ta Tsafe da Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu ta nufi Sakkwato. Da aka yi Jihar Zamfara cikin 1996, Gusau ta zama hedkwata, motoci suka ƙara yawa. Yau mota ita ce jakin ɗan kasuwa, ita ce dokin malami mai zuwa wa'azi ko ɗaurin aure. Amma fa da yawa daga masu ita sun san kuɗin mai da na taya, ba su san hasarar da mugun wanki ke jawo musu ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, fentin mota ba abu guda ba ne. Tun daga wajen 1980, yawancin masu ƙera motoci sukan shafa launi, sa'an nan su rufe shi da wani fenti garai mai sheƙi, wanda kaurinsa bai kai na takarda guda ba. Shi ne garkuwar launi daga rana, launi kuma da abin da ke ƙarƙashinsa su ne garkuwar ƙarfe daga tsatsa. In wannan rufin ya cinye, ba ya tofowa. Sai mota ta koɗe, ta yi dabbare-dabbare, ranar da aka kai ta kasuwa dillali ya karya mata daraja.

Babban abokin gabarsa a ƙasar Zamfara ita ce ƙurar hunturu. Yawancinta daga nesa iska ke kwaso ta, daga wani kwari da a ke kira Bodele, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, inda dā tafki ne ya ƙafe. A ido kamar gari ta ke, amma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi mai kaifi. Saboda haka wanda ya sa yaro ya goge masa mota da busasshen tsumma kowace safiya, kankare ta ya ke yi ba da saninsa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ba ruwa, a bar ƙurar tukuna, a share gilashi kaɗai da jiƙaƙƙen ƙyalle domin direba ya ga hanya.

To, sai maganar sabulu. Wanda aka fi ɗauka a gida shi ne garin sabulun wanki, wanda jama'a ke kira omo. An yi shi ne domin ya ci maiƙo da dauɗar tufafi, shi ya sa ya ke da kaifi irin na kanwa. A jikin mota yakan wanke kakin da aka shafa don kariya, ya busar da robar ƙofa da ta gilashi, wanda bai narke ba kuwa ya yi zane. Sabulun soda da a ke haɗawa a gida wani lokaci ya fi shi kaifi, in soda ta yi yawa a cikinsa. Sabulun salo da na sanda suna da kyau ga jiki da tufa, amma in sun gamu da ruwan rijiya mai nauyi sukan bar wani farin dafi a kan fenti. Sabulun ruwa na wanke kwanuka ya fi waɗannan sauƙi, sai dai shi ma maiƙo ya ke bi, ba ya barin kaki.

Wanda ya dace shi ne sabulun ruwa da aka yi musamman don mota, wanda masu shagunan kayan mota ke kira shamfu. Ba shi da kaifi, yana da santsi, watau yana sa ƙura ta zame maimakon ta karce. Murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar. Mai ganin tsadarsa ya gwada kuɗin roba guda da kuɗin sake fenti, zai san araha ba ta ado. Wanda bai samu ba, ruwa tsagwaronsa da ƙyalle mai laushi sun fi masa omo.

Ga yadda a ke yi. A ajiye mota a inuwa, da sassafe ko bayan La'asar, sa'ad da ƙarfe ya huce, gama a rana ruwa kan bushe nan da nan ya bar tabon gishirinsa. A fara watsa ruwa daga rufi ya gangara da ƙurar. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk sa'ad da soso ya zaga wuri, a ɗauraye shi cikin na zalla kafin a mayar da shi cikin kumfa. A fara daga sama a ƙare a ƙasa, tayoyi kuwa a ware musu nasu soso. Sa'an nan a ɗauraye, a tsane da tawul mai tsabta. Kada a kwara ruwa a inji, balle yana da zafi, domin motocin yanzu cike su ke da wayoyin lantarki. Kashin tsuntsu da abin da ke ɗigowa daga dogon yaro a jiƙa su a cire da wuri, don suna cin fenti. Kwalta kuwa ɗan kananzir a ƙyalle ya kan narkar da ita, amma a bi wurin da kumfa nan take.

'Yan kasuwa masu a-kori-kura da manyan motoci suna da nasu kashedi. Gishiri da takin zamani, in suka zube suka sha laima, suna saurin huda ƙarfe. Haka taɓon damina da ke maƙalewa a ƙarƙashin mota yana riƙe da ruwa. A share, a wanke, a bar wurin ya bushe kafin a sake lodi.

A nan fiƙihu yana da abin faɗa. A mazhabar Imamu Malik, fitsari da kashin dabbar da a ke cin namanta, kamar shanu da tumaki, ba najasa ba ne, muddin ba ƙazanta ta ke ci ba. Amma tsarkinsu bai hana su cin ƙarfe ba. Fitsarin yaro kuwa ko jinin yanka najasa ne, kuma hukuncinta ba ya gushewa sai da ruwa mutlaƙ, watau wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Ruwan kumfa ya sauya. Saboda haka darduma ko tabarmar da najasa ta taɓa cikin mota, in an wanke ta da sabulu, sai a bi ta da ruwa zalla kafin a yi salla a kanta.

Saura batun ruwa kansa. Ƙasar Gusau da Tsafe a kan fā ta ke, rijiyoyi kan ja baya da bazara, gidaje da yawa kuwa sai sun sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, wanka da sa'i guda, mudun nan kuwa bai kai lita ba. In haka ibada ta ke, ina dalilin sakin tiyo a kan ƙarfe alhali maƙwabci na neman na sha? Jarka biyu ko uku sun isa ƙaramar mota. Kada kuma a kai ta cikin Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, domin baƙin mai da kumfa suna gangarawa ga masu sha da masu lambu. A gida ma a karkata ruwan ya nutse cikin ƙasa, kada ya kwanta a kan hanya ya ɓata tufafin masu zuwa masallaci, ya tara sauro.

Dukiya amana ce, ruwa ma amana ne, za a kuwa tambayi bawa a kan kowannensu. Allah Ya sa a dace, Ya kiyaye matafiya, Ya ba ƙasar Zamfara zaman lafiya. Amin.